Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Shekarar Tulu

Makon jiya na tsaya inda motarmu ta bar Gusau, muka bi ta Tsafe da Funtuwa, muka sauka Samaru ta Zariya, inda zan fara karatun zane, da la'asar sakaliya. Na so yau in ba ku labarin ɗakin kwananmu, amma tun daren Talata maganar Baffa ke ta dawo mini, bari in sauke ta tukuna.

A zaure ya faɗe ta, ranar sunan ɗiyar Yaya Babba, gaban surukai da maƙwabta. Hutuna na farko ke nan, na buɗe jaka ina nuna wa ƙannena aikina. Ya ɗaga takarda ɗaya da yatsu biyu ya ce, "Wanga shi ne karatun? Ɗiyan mutane na can suna koyon likita, namu ya tai Zariya zanen tulu." Aka kwashe da dariya. Baba bai ce uffan ba, kuma har yau shirun nan nasa ya fi ci mini rai.

Tulu ne kuwa, ban musa ba. A ajin farko ba a tambayarka ko fenti za ka yi ko sassaƙa ko zanen atamfa, kowa tushe ɗaya yake ci. Za ka hau wani benci da ake kira jaki, ka jingina allon zane a gabanka, ga fensir 2B da 6B da gawayi. Malam ya ajiye tulu da kwalba da farin ƙyalle a tsakiyar ɗaki, a wuni a kansu. Ranar farko na gama cikin minti ashirin ina jin kaina, don tun firamare ni ke zana wa ajinmu taswira. Malam ya tsaya bayana ya ce, "Wannan tulun gidanku ne. Zana mini wanda ke gabanka." Na san bakin tulu da'ira ne, na zana da'ira, alhali daga inda nake zaune ya shafe kamar ƙwai. Ya nuna mana yadda ake miƙe hannu da fensir, a rufe ido ɗaya, a auna faɗi da babban yatsa a gwada shi da tsawo.

Nan take na tuna Inna, Allah ya jiƙanta. Ita ke zanen ƙwarya a gidanmu, da wuƙar da take sa wa a wuta, ba ta taɓa aunawa ba amma zanen ya zagayo ya haɗu daidai. In ka tambaye ta sai ta ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima." Baffa ɗanta ne na cikinta. A ƙwaryar da ta zana ya sha fura har ya girma.

Sai darasin launi. Kala uku kawai aka yarda mu saya, ja da rawaya da shuɗi, daga su za ka fitar da kore da ruwan lemo da shunayya har ka cika da'ira mai gida 12. Bayan nan a ce ka taka daga fari zuwa baƙi mataki-mataki, kada wani ya yi tsalle. Na yi wannan sau shida kafin a karɓa, kuɗin abincina ya tafi a takarda. An gaya mana irin wannan shekarar share fage ta samo asali ne daga makarantar Bauhaus da aka buɗe a Jamus a 1919, inda Johannes Itten ya fara koyar da ita. Darasin nisa da kusa kuwa bai ba ni wuya ba. Duk wanda ya yi wasa a kan layin dogon da ya ratsa Gusau zuwa Ƙauran Namoda ya ga yadda ƙarafa biyu ke haɗewa can nesa alhali ba su haɗu ba.

Akwai zanen mutum ma, wani dattijo da rigarsa yake zauna mana, muna auna tsawon jiki da kai, kusan bakwai da rabi. Waɗannan takardun ban taɓa kawo su gida ba.

Abin da ya tsayar da ni a sashen zane shi ne labarin ɗaliban 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, da suka kafa ƙungiya a nan Zariya suka ce ba za su bar zanen iyayensu don na Turawa ba, haɗawa za su yi. Da aka ba mu aikin maimaita siffa, sai na ɗauko dagi da layukan ƙwaryar Inna. Shi ne aikina na farko da aka manna a bango. Da Baffa ya ƙara buɗa jakar kaɗan da ya gan shi, yana ƙarƙashin tulun.

Shekaru da yawa bayan haka, na yi aure har da 'ya'ya uku, ya aiko a kira ni. Ya gina sabon gida, yana son a yi wa fuskar zauren zane irin na da. "Kai ne ka san kan abin," in ji shi. Na yi kwana tara a kan tsani, ban karɓi sisinsa ba. Kullum ina jiran ya ambaci ranar sunan nan. Ya dai tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Hannun Inna ne wanga." Ni ma ban tuna masa ba, har ya koma ga Allah. Wani lokaci in ce na kyauta, wani lokaci in ce da na faɗa masa sau ɗaya na huta.

Takardar tulun tana nan cikin akwatina. A kusurwarta ta dama akwai tabon maiƙo guda biyu, na naman suna, inda yatsunsa suka riƙe.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai ɗakin kwana da yadda aka sace mini allon zane.