Jar miyar encilada: na gano ta inda ɗacin yake shigowa

Alhamdulillahi 'yan uwa, yau dai jar miyar encilada ta fito yadda nake nema, babu ɗaci ko kaɗan. Encilada dai abincin 'yan Meksiko ne: tortiya, wato siririyar gurasar masara ko fulawa, ake tsomawa a miyar a naɗe kaza da cuku a ciki. Waɗanda muke wannan koyo tare sun san yadda miyar nan ta sha mini kai tun shigowar sanyin bana. Kala ta yi, kauri ya yi, ƙamshi ya cika gida, amma da zarar an haɗiye sai wani ɗaci ya biyo baya ya maƙale a maƙogwaro. Maigida yakan daure ya ci. Ɗiyata 'yar shekara 2 kuwa ba ta san kara ba, loma ɗaya take yi ta tofar ta kau da kai. Abin ya dame ni sosai, don yarinyar nan ba kowane abinci take karɓa ba, kuma na ga yadda take lashe kwano idan maƙwabciyarmu ta aiko mana da tata.

Ba ta gwangwani nake magana ba, ba kuma irin ta nan Teksas da ake soya fulawa da garin barkono a zuba romo ba. Wannan ta biyun tana fitar da mutum kunya ranar sauri, ban raina ta ba. Wadda nake bi ita ce ta busasshen barkono ɗungurungum, gwahiyo da anco, waɗanda za ku ga an rubuta guajillo da ancho a jikin leda a shagunan 'yan Meksiko.

Da farko na ɗora laifin a kan 'ya'yan barkonon. Na riƙa zama da almakashi ina cire hanci, in tsaga, in kakkaɓe 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, in zare farar jijiyar ciki. Ɗacin ya ɗan ragu, yajin ma ya ragu, don a jijiyar nan zafin ya fi taruwa. Amma bai tafi ba. Sai na koma maganin bayan ɓarna: sukari, tumatir, ƙarin gishiri, har da ɗan guntun cakulan da na ga wasu suna sakawa. Ku ji ni da kyau, sukari ba ya kashe ɗaci. Zaƙin ne yake fara zuwa, ɗacin ya biyo shi a baya yana nan daram, sai miyar ta zama abu biyu da ba su san juna ba. Gishiri ya fi sukari dusashe shi, amma kafin ya yi tasiri miyar ta wuce abin da zan ba ƙaramar yarinya. Tumatir kuma idan ya yi yawa ya mai da ita wata miya daban, ɗanɗanon barkonon da aka sha wahala dominsa ya ɓace.

Ranar da abin ya fi ci mini rai ita ce wadda na yi tire guda cur don baƙi. Kazar halal a nan ta fi ta sauran shaguna tsada, ga cuku, ga ledar anco da ta haura dala 5 ita kaɗai, ga tortiya. Da na lissafa, sama da dala 25 ne suka tafi a abincin da mutane suka riƙa turawa gefen faranti suna cewa sun ƙoshi. Kuɗin ya yi ciwo, amma rabin yinin da na ɓata da goyo a baya ya fi shi ciwo.

Maƙwabciyar tawa dattijuwa ce 'yar jihar Sakatekas, inda ake noman busasshen barkono sosai a Meksiko. Mama nake ce mata. Turancinta kaɗan ne, Sifaniyancina bai kai nata Turancin ba, don haka na roƙe ta ta shigo ta tsaya a kaina kawai ina yi tana gani. Ko minti biyu ba mu yi ba ta kama hannuna ta janye kaskon daga wuta.

Ashe a wurin gashi ne. Ni ina ɗora kasko ya yi zafi jau, in zuba barkonon gaba ɗaya, ina juyawa har sai ya yi duhu ya fara hayaƙi, a zatona a nan ƙamshin yake fitowa. Gwahiyo fatarsa siririya ce, namansa kaɗan. Tsakanin ya gasu da ya ƙone bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, kuma ƙunar ba lallai ta yi baƙi ƙirin ba kafin ta yi ɓarna. Ɗigon baƙi kaɗan a fatar guda ɗaya ya isa ya lalata tukunya. Mama ta rage wutar zuwa matsakaiciya, ta ɗauki guda ɗaya da aka tsaga aka shimfiɗa, ta danna shi da bayan cokali, ta ƙirga a bakinta wajen daƙiƙa 15, ta juya, ta sake dannawa, ta cire. Ya ɗan kumbura, ya yi laushi, cikinsa ya ɗan yi haske, ƙamshi ya tashi, hayaƙi kuwa babu. Ta miƙo mini in shinshina, sannan ta ɗauko ɗaya daga cikin nawa ta kawo hancina. Nata ƙamshi, nawa ƙauri. Da hannu ta nuna mini kwandon shara.

Anco ya fi wuyar sha'ani ta wani gefen, don shi dama baƙi-baƙi ne mai tamoji, ido ba zai gaya muku ya ƙone ba. Hanci ne kawai alƙali. Da zarar ƙamshin zabibin nan nasa ya taso, a cire shi.

A nan ne renon yara ya shigo cikin maganar, kuma ina ganin yawancinmu masu ƙananan yara a nan muke faɗuwa. Aikin daƙiƙa 15 ba ya haɗuwa da yarinya tana jan zani tana neman ruwa, ko jariri ya farka yana kuka a ɗaki. Waiwaye ɗaya ya isa. Yanzu gashin barkono ya koma aikin dare a gidana, bayan sallar isha'i idan sun yi barci. In buɗe taga, in kunna fankar saman murhu, in gasa biyu-biyu a tsaye ban matsa ko'ina ba, in bari su huce in zuba a kwalba mai murfi. Wannan ya raba ni da wata damuwar kuma, don tiririn barkono a kan wuta yana sa yara tari da hawaye ko da mu manya ba mu ji komai ba. Wadda ba ta yarda da hannunta a kasko ba tana iya shimfiɗa su a tire ta sa a obin mai zafin digiri 175 a ma'aunin Celsius na minti 3 zuwa 4, tana leƙawa. Na gwada, ya yi, sai dai na fi son kasko don ina ganin kowanne da idona.

Ƙofa ta biyu da ɗacin yake shigowa ita ce ruwan jiƙo. Girke-girke da yawa suna cewa a niƙa da ruwan da aka jiƙa barkonon, wai kada a yi asarar ɗanɗano. Mama ta ɗebo cokali ɗaya ta ce in kurɓa. Ɗaci da bauri, har sai da na yamutsa fuska. Ba kullum yake haka ba, wani lokacin ruwan yakan fito da daɗinsa, to ka'idar da na ɗauka ita ce a ɗanɗana kafin a yanke hukunci. In da ɗaci a zubar, a niƙa da romon kaza. Kuma ba a tafasa barkonon a kan wuta. A tafasa ruwa, a sauke, a zuba barkonon, a danne da ƙaramin faranti don ya nutse, a ba shi minti 20. Na lura idan ya daɗe fiye da kima a ruwan, daɗin ne yake fita ya bar ɓawo.

Akwai ƙananan ƙofofi kuma. Tafarnuwa idan ta ƙone ɗacinta ya fi na barkono naci, don haka yanzu da rigarta nake gasa ta a gefen kasko har ta yi laushi, sannan in ɓare. Kumin, wani kayan ƙamshi da ake sawa a miyar, shi ma haka, ɗan ɗumi kawai yake so. Sai tsohon barkono: wanda kuka lanƙwasa ya karye ƙaras, kalarsa ta koɗe, ku bar musu kayansu. Mai kyau yana lanƙwasuwa, yana sheƙi. Ni yanzu ta bayan leda nake matsawa kafin in saka a kwando.

Abin da ya shiga tukunyar yau: gwahiyo 8, anco 3, tafarnuwa ƙwaya 4, rabin albasa da na gasa, rabin ƙaramin cokali na kumin, ƙaramin cokali ɗaya na oregano irin na Meksiko, kanumfari ƙwaya ɗaya tak, da romon kaza kofi 3 wanda ban sa masa gishiri ba. Oreganon Meksiko wata shuka ce daban da na Bahar Rum, ƙamshinsa ya fi kusa da lemun tsami, kuma a shagunan nan ya fi araha. Kanumfari kada ya wuce ɗaya, yana da son mulki.

Maganar ɓawo na kusa kashe mata kuɗin da ba ni da shi. Bilandata ƙarama ce, duk daɗewar da za ta yi tana niƙa sai an ga tsilli-tsillin fatar gwahiyo, su ne suke maƙale wa yarinya a harshe ta fara kakari. Har na fara duba manyan bilandoji na ɗaruruwan daloli. Rariyar ƙarfe mai ƙananan ido ta gama maganar. A zuba, a murza da bayan ludayi har sai tuƙar ta rage a bushe, a kankare abin da ya manne a ƙarƙashin rariyar don nan ne mai kaurin yake. Minti biyar ne na aikin hannu, kuma wani ɓangare na baurin yana tafiya da tuƙar.

Daga nan sai suya, wadda ba baƙuwarmu ba ce, daidai take da yadda muke soya kayan miya har gafin ya fita mai ya taso. 'Yan Meksiko a gargajiyance da man alade suke yi, ni man gyaɗa cokali 2 na sa, ban ji abin da ya ragu ba. Tunda na ambaci wannan, ku riƙa karanta bayan ledar tortiya, musamman ta fulawa, da gwangwanin wake. In kun ga lard, man alade ne, manteca ma galibi shi ne. Ta masara galibi masara ce da ruwa da farar ƙasar da ake dafa ta da ita, amma duk da haka ina dubawa. Mai ya yi zafi, a juye niƙan a lokaci ɗaya, a ja baya don yana fallatsa sosai. Kada a yi wannan da goyo, kada kuma yaro yana kusa da murhu. A juya na 'yan mintuna har kalar ta koma ja mai duhu, a rage wuta, a bar ta minti 15 zuwa 20 tana ɓararraka a hankali. Idan ta rufe bayan cokali, aka ja yatsa layin ya tsaya, ta yi.

A nan nake raba tukunya. In ɗebi na yarinya tukuna da ɗan gishiri kaɗan. Gwahiyo yajinsa tsakanin 2,500 ne zuwa 5,000 a ma'aunin zafin barkono na Scoville, anco bai kai haka ba, attarugu kuwa yana farawa ne daga 100,000. Da aka cire jijiya aka haɗa da romo, abin da ya rage ɗumi ne kawai, kuma takan ci da ɗan yogot a kai. Sauran tukunyar sai in cika gishiri, in ɗiga ƙaramin cokali na binega, wanda yake tayar da ɗanɗanon gaba ɗaya. Maigida da ba ya jin ya ci abinci sai ya yi gumi, nasa daban ne: busasshen barkono mai zafi da ake ce wa arbol guda 3 da na gasa na niƙa da ludayi ɗaya na miyar, yana ƙaramin kwano a gefensa. Kowa ya samu nasa daga tukunya ɗaya, abin da na daɗe ina nema ke nan.

Tortiya kuma ta daina yagewa tunda na fara ratsa ta cikin mai mai zafi na 'yan daƙiƙoƙi kafin in tsoma a miya. Ɗiyata ta cinye guda ɗaya da rabi, ta miƙo faranti. Na juya baya na share ido, wallahi, don ni kaɗai na san daren da na yi a tsaye a kan kaskon nan.

Ragowar na zuba a abin yin ƙanƙara na sa a firiza. Ƙwaya biyu sun isa a juya wa yarinya shinkafa ko ƙwai da rana, a firij kuwa ba na bari ta wuce kwana 4.

'Yan uwa da ke gida da kuke tambaya ko busasshen tattasai zai yi, na gwada da wanda Hajiyata ta aiko mini. A wanke shi sosai don ƙura, a bari ya bushe sarai kafin ya taɓa kasko, kuma gashinsa ya fi na gwahiyo gajarta. Kala tana fitowa da kyau. Abin da ya rasa shi ne zaƙin nan mai nauyi na anco, sai na jiƙa dabino 2 tare da shi na niƙa, ya matso kusa ƙwarai. Ba ita ba ce sak, amma na ci da daɗi. Wadda ta gwada da tattasan kasuwarsu ta faɗa mana yadda ruwan jiƙonta ya kasance, ɗaci ko babu, don in san ko in ce a riƙa zubarwa kai tsaye.