Daga Kaduna zuwa Uyo saboda wani yaro ɗan baya

Duk wanda na faɗa wa zan je Uyo kallon wasan Najeriya da Benin na neman gurbin gasar kofin duniya ta 2026 sai ya ce to a gaida Osimhen, ni kuwa ba shi ya tashe ni daga Kaduna ba. Benjamin Fredrick na je gani, yaron da ya fito daga makarantar ƙwallo ta Simoiben wadda Moses Simon ya kafa a nan garinmu, haifaffen 2005 ne, wato sa'an ƙannenmu da ke buga ƙwallon yamma a filin firamare.

A Abuja na kwana, da asuba muka kama hanya, Keffi, Akwanga, sai Lafiya. Muna shiga Lafiya na ce wa wani dattijo da ke kusa da ni, Baba ka san yaron nan ya taɓa zaman aro a Nasarawa United ta garin nan? Ya ce shi tun zamanin su Stephen Keshi rabonsa da sanin sunan ɗan baya, kuma gaskiyarsa, mu 'yan kallo wanda ya ci kawai muke riƙewa, wanda ya hana a ci sai ranar da ya yi kuskure ake tuna sunansa har da na kakansa.

Makurɗi muka tsaya cin abinci bayan mun haye gadar Binuwai, sakwara da miyar agushi, doyar Binuwai dai ba a magana. Daga Otukpo zuwa Inugu kuwa hanya ta ci ƙaniyarmu, ga ramuka ga shingaye, direba na ta masifa shi kaɗai, ni dai na lafe a kujera ina addu'a. Umuahia, Ikot Ekpene, sai cikin dare muka shiga Uyo, na sauka wajen wani ɗan uwa mai harkar dabbobi.

Yadda yaron ya hau sama da sauri shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. A 2023 yana cikin Flying Eagles, matasan Najeriya na koci Ladan Bosso, da suka je gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Ajantina, su ne suka fitar da masu masaukin da ci 2-0 kafin Koriya ta Kudu ta cire mu a kwata fainal. Daga nan Brentford ta Ingila ta ɗauke shi aro a ƙaramar ƙungiyarta, ya zama gwarzon shekararsu, suka saye shi gaba ɗaya a 2024. A Mayun 2025 da aka yi gasar sada zumunta ta Unity Cup a filin Brentford ɗin, kocin Najeriya Eric Chelle ya kira shi ya sa shi a fainal da Jamaika, aka tashi 2-2 muka ci a fenariti, shi kenan fa ya shige Super Eagles. Sannan aka ba da shi aro ga Dender a Beljiyam don ya riƙa buga wasan manya duk mako, wanda a ganina ya fi masa zaman benci a Firimiya sau dubu.

Ranar Talata 14 ga Oktoba 2025, tun da rana gari ya ɗau harama. Filin Godswill Akpabio yana cin mutum 30,000, kuma wallahi fili ne, ciyawa shar, ba irin wanda muka saba gani ƙwallo na tsalle kamar kwaɗo ba. Lissafin ranar mai zafi ne, Benin ta koci Gernot Rohr ce a saman rukuninmu da maki 17, Afirka ta Kudu 15, mu 14, dole mu ci kuma mu ci da yawa.

Minti uku kacal Osimhen ya jefa ta farko, fili ya kaure, wani bawan Allah da ban taɓa gani ba ya rungume ni har hulata ta faɗi. Ni kuma idona na gefen dama, don a lamba biyu, wato ɗan baya na dama, aka sa Fredrick ranar duk da asalinsa ɗan tsakiya ne, Ola Aina mai wurin na jinya. A talabijin ba za ka ga aikin ɗan baya ba saboda kyamara ƙwallo take bi, amma a fili sai ka ga yadda yake waige-waige tun ƙwallo na nesa, ya matso ciki ya rufe ratar da ke tsakaninsa da Semi Ajayi, in ɗan gaba ya taho ba ya zubewa ƙasa da gaggawa, sai ya bi shi a hankali ya kora shi bakin layi. In ya karɓe kuma ba ya dokawa sama don ya rabu da ita, zai ɗaga kai ya nemi Ndidi ko Chukwueze ya ba su a ƙafa. Yaro ɗan shekara 20 da wannan natsuwa, a wasan da ƙasa gaba ɗaya ta ɗora hannu a ka.

Osimhen ya ƙara biyu, Frank Onyeka ya rufe da ta huɗu ana dab da tashi, 4-0. Afirka ta Kudu ta ci Ruwanda 3-0 ta wuce gasar kofin duniya kai tsaye, mu muka samu gurbin wasan cike gurbi a Maroko, inda daga baya muka ci Gabon 4-1 sannan Kwango ta cire mu a fenariti, wannan kam kar ma a tuna.

A motar dawowa musu ya ɓarke tun kafin Ikot Ekpene, wani ɗan Zariya ya dage a bar shi a lamba biyu tunda yana da gudu, na ce malam ai ɓarna ce, mai karanta wasa haka tsakiya ya dace da shi kusa da Calvin Bassey, musamman da shekaru suka fara cim ma Troost-Ekong. Har Makurɗi ba mu daidaita ba. Bayan wasannin Maroko ya ji rauni a gwiwa wanda ya hana shi zuwa gasar kofin Afirka, amma ina nan kan bakana, tsakiya ne wurinsa.