Baƙon da ya biyo motar kashu

Ranar Talata muna sauke buhunan kashu a sitonmu na Agege, motar ta taso ne daga Anyigba ta jihar Kogi, sai yaron shagona ya yi tsalle gefe ya ce: "Alhaji, zo ka ga ikon Allah!"

Wani ƙwaro ne maƙale a jikin buhu, ya kusa tsawon ɗan yatsana, baƙi wuluk, da ratsi uku ruwan lemo a bayansa, ga ƙahonni biyu zaro-zaro. Da na kama shi sai ya hau ƙara ƙii-ƙii, kamar sabon takalmi. Direban ko kallo bai ishe shi ba. Ya ce ai wannan ƙwaron ne ke yi wa reshen kashu kaciya.

Nan take na tuna kukar bayan gidanmu a ƙauye. Mukan wayi gari mu ga reshe an zagaye shi da yanka kamar da wuƙa, tsofaffi su ce aikin mutanen ɓoye ne, kada yaro ya kusanci wurin. Ashe wannan ne aljanin! Yakan gwigwiye ɓawon reshe har ya bushe, macen ta saka ƙwai a ciki, tsutsar ta girma tana cin itacen.

'Yata da ke karatun kimiyyar halittu ce ta gane shi daga hoton da na tura mata. Sunansa Analeptes trifasciata, kalmar ta biyu kuwa ma'anarta "mai ratsi uku". Wani masani ɗan Denmark, Fabricius, shi ya raɗa masa suna tun 1775, kusan shekara talatin kafin jihadin Shehu. Danginsa Cerambycidae, masu dogon ƙaho, sun haura iri 35,000 a duniya, shi kuma yana ɓangarensu mafi yawa, Lamiinae.

Mazauninsa Afirka ne, daga nan yamma, su Gana da Benin da Najeriya, har tsakiyar nahiyar. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kashun ne baƙo, Turawan Fotugal suka kawo shi daga Brazil. Ƙwaron ɗan gida ne, da kuka da rimi ya saba, sai ga gonakin kashu sun zo masa har ƙofa.

Na sa shi a kwalba da ɗan guntun itace. 'Yata ta ce kada in sake shi, za ta zo ranar Asabar ta ɗauka.