Maganar nono a ranar awo

Ranar awo a asibitinmu nan Daura, nakan tsayar da masu ciki in yi musu maganar nono. Kunya kan hana su tambaya, sai dariya cikin hijabi.

Ruwa zalla ya isa wanke kan nono, sabulu busar da shi yake har ya tsage. Rigar mama kuma kada ta matse.

Inda muke daɗewa shi ne dakashi. Ba a rasa mai cewa, "Sista, uwar mijina ta ce a tatse a zubar." Sai in ce ta zo mini da Hajiyar. Nonon farkon nan mai kauri rigakafi ne, a sa jariri ya kama cikin awa 1 da haihuwa.