Asabar, 26 ga Afrilu, 2025: mun sake ɗaukar ƙatti

Yau ba aiki, amma ban koma barci bayan asuba ba. Na kai Maman Abba kasuwar Strip District a nan Pittsburgh ta yi cefane, na zauna a mota ina jiranta. Ta dawo da nama da attarugu, tana mitar tsadar albasa. Muka biya muka ɗauko Auta daga islamiyya. Kafin sha biyu mun iso gida, domin da sha biyun rana ake fara yini na uku na zaɓen da gasar ƙwallon Amurka ta NFL ke yi wa sabbin 'yan wasa a Green Bay, kuma Abba ya riga ya kafa sansani a falo tun da hantsi, tawul ɗinsa ruwan ɗorawa a kafaɗa.

Kwana biyu ke nan yaron nan yana fushi da ni kamar ni ne Omar Khan, babban manajan ƙungiyarmu ta Pittsburgh Steelers. Daren Alhamis da aka zo lamba 21, ya miƙe tsaye yana jiran a kira Shedeur Sanders, kwatabak, wato mai jefa ƙwallo. Aka kira Derrick Harmon na Oregon, ƙaton da ke tsayawa a tsakiyar layin tsaro. Na yi tafi. Shi kuma ya juyo ya dube ni, ya haye sama ko sai da safe babu. Jiya ba mu da zaɓi a zagaye na biyu, tunda mun ba Seattle shi wajen karɓo DK Metcalf. A na uku, lamba 83, aka ɗauki Kaleb Johnson na Iowa, mai ruga da ƙwallo, wanda zai maye gurbin Najee Harris. Shedeur yana nan zaune ba wanda ya taɓa shi. Yau ma da aka zo lamba 123 sai ga Jack Sawyer na Ohio State, mai farautar kwatabak daga gefe.

Abba ya ce, “Baba, muna da Watt, muna da Highsmith, muna da Herbig. Na huɗu me zai yi? Wa zai jefa ƙwallon?”

Na ce masa ya zauna. Na tambaye shi ko ya manta daren 11 ga Janairu. Bai manta ba, tare muka kalla, a kan kujerar nan. Baltimore ta yi mana 28 da 14, aka tafi hutun rabin lokaci 21 da nema. Yadi 299 suka ci a kanmu da gudu kawai, Derrick Henry shi kaɗai ya kwashi 186. Akwai wani hari da suka kawo, sau 13 a jere suna ruga da ƙwallo ba su jefa ko sau ɗaya ba, har suka shiga gidanmu. Kowa a filin ya san abin da za su yi, mu ma a falo mun sani, aka kasa tare su. Ni a wurina wannan ya fi kowace irin faɗuwa ciwo. A ci ka da dabara, ka ce an fi ka wayo. Amma a tura ka baya da ƙirji, kai da sunanka Steelers, mutanen ƙarfe, wannan cin mutunci ne. Cam Heyward zai cika shekara 36 a watan gobe. Tun 2011 yake riƙe da tsakiyar layin nan. In ba a kawo masa magaji yanzu ba, sai yaushe?

Na ci gaba da yi masa karatun da ya sha ji. A 1969 Chuck Noll ya karɓi ƙungiyar da ta shekara fiye da talatin ba ta ɗauki kofi ba, mutum na farko da ya zaɓa shi ne Joe Greene, mai tsayawa a daidai inda Harmon zai tsaya. A kansa aka gina katangar da ta kawo kofin Super Bowl huɗu cikin shekara shida. Daga 1969 zuwa 2025 kociyoyi uku kacal aka yi, Noll, Cowher, Tomlin. Gidan da ya san kansa ke nan. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na ce ka dubi Sawyer ɗin da kake rainawa: shi ne a watan Janairu ya kaɓe ƙwallo daga hannun kwatabak ɗin Texas, ya ɗauka ya ruga yadi 83. Ka dubi Johnson, ya haura yadi 1,500 bara a makarantar da kowa ya san gudu za ta yi. Irin mutanenmu ne. Ba sai an koya musu yadda ake zama a garin nan ba.

Ya bari har na gama, ya ce, “Baba, yaushe rabon da mu ci wasan sili-ɗaya-ƙwale?”

Na san amsar. Janairun 2017, a Kansas City, 18 da 16.

“Shekarata shida lokacin. Ban ma tuna ba. Duk abin da kake ba ni labari ne. Ni ban taɓa gani ba.”

Ban samu abin cewa ba. Muna cikin haka aka zo lamba 144, Cleveland ta ɗauki Shedeur. Cleveland fa, tafiyar awa biyu da 'yan kai daga ƙofar gidanmu, waɗanda muke karawa da su sau biyu duk shekara. Abba bai yi ihu ba. Ya ninke tawul ɗin ya ajiye a hannun kujera, ya ce in Shedeur ya zama wani abu, shekara goma zai yi yana tuna mini. Maman Abba ta leƙo daga kicin ta ce, “Baban Abba, ku rage murya, ko maƙwabta sai sun ji.” Ba ma ɗaga murya ba. Ina jin ta ji yadda falon ya yi tsit ne.

Na yi azahar, na fita duba tayar motar da ke sacewa. Dattijon maƙwabcinmu yana bakin barandarsa da rediyo. Ya ɗago mini hannu, na tsallaka. Na ɗauka wurinsa zan samu mai goya mini baya, mutumin da ya yi aiki a masana'antar ƙarfe ta Homestead har ranar da aka rufe ta a 1986, wanda har gobe ba ya son zuwa kantunan da aka gina a filin, sai dai ya nuna maka dogayen bututun hayaƙin da aka bari tsaye. Na kwashe yadda muka yi da Abba na gaya masa.

Ya kashe rediyon. Ya ce yana son Harmon, ba shi da ja a kansa. Sannan ya tambaye ni ko na san wa aka ɗauka a 1983. Na ce na san labarin Dan Marino, kwatabak ɗan unguwar Oakland ta nan garin, wanda ya yi wasa a jami'ar Pitt, aka bar shi ya tafi Miami. Ya ce to wa aka ɗauka a madadinsa, kuma a lamba nawa? Na yi shiru. Ya ce Gabe Rivera, ƙaton tsakiyar layin tsaro daga Texas Tech. Lamba 21. Noll ya so ya sake ginin yadda ya fara shi da Greene. Rivera wasa shida ya buga, ya yi hatsarin mota a watan Oktoba na shekarar, bai sake takawa da ƙafarsa ba. Kwatabak ɗinmu Bradshaw ya ajiye wasa bayan kakar nan. Daga nan sai da aka jira har 2004 kafin a samu Roethlisberger, kofin kuma daga 1980 bai dawo ba sai 2006.

Lamba 21. Wuri ɗaya a fili. Kwatabak yana zaune ana kallonsa. Sai da tsigar jikina ta tashi.

Ya ce ba wai Shedeur Marino ba ne, ƙungiyoyi 32 sun wuce shi zagaye huɗu cur, ba za a ce duk makafi ba ne. Kuma mun gwada ɗaukar ɗan gida don gudun maimaita kuskuren Marino, Kenny Pickett a 2022, shekara biyu aka sallame shi. Amma ya ce in daina gaya wa yaro cewa katanga ce kaɗai ta kawo kofunan nan. Shekara ɗaya bayan Greene, a 1970, Bradshaw aka ɗauka a lamba ta ɗaya. A 1974 da aka yi zaɓen da ba a taɓa yin irinsa ba, cikin mutum huɗun da suka shiga zauren gwarzaye, Lambert ne kaɗai mai tsaro. Swann da Stallworth masu cafke ƙwallo ne, Webster kuma shi ke miƙa wa kwatabak. Ya ce mutanen garin nan suna son tuna duka da turereniya saboda ya yi kama da aikin da iyayensu suka yi, sai su manta da hannun da ya yi jifa.

Wannan ce maganar da ta hana ni sakat har yanzu. Ni da na zo garin nan da girmana, abin da ya sa na kamu da son ƙungiyar nan shi ne ba ta rawar kai. Iyali ɗaya ke riƙe da ita tun 1933. Ba a korar koci don an yi shekara ɗaya mara kyau. Tomlin ya yi kaka 18 bai taɓa gamawa da faɗuwa ta fi nasara yawa ba. Na ga dattako a ciki, irin wanda aka tarbiyyantar da mu a kai. Har yanzu ina ganin zaɓen bana daidai ne, kuma da ni aka ba wuƙa da nama, Harmon zan ɗauka. A kwatabak, Wilson ya tafi, Fields ya tafi, Mason Rudolph ne a hannu, ana ta jiran Aaron Rodgers mai shekara 41 ya ce e ko a'a, duk na sani. Amma ramin da Baltimore ta nuna mana na gaske ne, kuma an cike shi da mutanen da suka dace. Abin da na kasa warwarewa shi ne inda sanin kai ya ƙare, inda taurin kai ya fara. Daga waje kamarsu ɗaya. Noll na 1969 da Noll na 1983 tunani ɗaya suka yi.

Da na koma ciki an riga an ɗauki Yahya Black, wani ƙaton daga Iowa, shi ma na layin tsaro. Auta ta yi ta murna wai mai sunan kawunta ya shigo ƙungiya. A zagaye na shida, lamba 185, sai ga kwatabak, Will Howard, ɗan jihar nan, wanda ya ɗauki kofin jami'o'i da Ohio State tare da Sawyer. Na kira Abba ya sauko ya gani. Ya ce zagaye na shida ba alkawari ba ne. Gaskiyarsa. A na bakwai aka ɗauki Carson Bruener, wanda mahaifinsa Mark shi ƙungiyar ta zaɓa a zagayen farko a 1995, har yanzu kuma yana yi mata aikin neman 'yan wasa. Haka suke, Porter da ɗansa, Heyward da ƙaninsa. Sai Donte Kent a ƙarshe. Mutum bakwai, biyar masu tsaro.

Tuwon shinkafa da miyar taushe. Abba ya ci, ya ƙara. Tayar ban gyara ba.

Bayan isha'i ina zaune ni kaɗai, sai na sake buɗe labarin Harmon, wanda tun jiya nake kauce masa. Yaron ɗan Detroit ne. Mahaifiyarsa ta daɗe tana jinya, ta sha tiyata a ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ta same ta yana jami'ar Michigan State, kafin ya koma Oregon. Daren Alhamis ɗin da muke nan muna ja-in-ja a kan lamba 21, ita tana asibiti, na'ura ce ke riƙe da numfashinta. Ya gaya wa 'yan jarida cewa daga nan asibiti zai wuce ya faɗa mata an ɗauke shi. Ya je. Ba a jima ba ta cika.

Kwana biyu ina kiransa ƙato, ina lissafin nauyinsa da tsawon hannunsa, ina cewa ya dace da mu, kamar bulo ake saya. Ɗana kuma yana jin haushin jin sunansa. Shi ko yana tsaye a bakin gadon uwarsa. Shekararsa 21.

Na hau sama na tarar da Abba bai yi barci ba. Na miƙa masa wayar ya karanta. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Baba, ta ji shi kuwa?” Na ce Allah ne masani. Ya ce in an fara sayar da rigarsa yana so. Ban ce masa komai a kan Shedeur ba, shi ma bai tayar ba. Badi a nan garin za a yi zaɓen, na yi masa alkawarin za mu je da ƙafarmu.

Rabona da jin muryar Hajiya yau kwana goma sha ɗaya. Kullum sai in ce gobe, in na tashi aiki dare ya yi a can. Saƙonta na murya na ranar Talata yana nan ban buɗe ba, na ga tsawonsa minti huɗu na ce sai na natsu. Yanzu na saurara. Ba wani abu ba ne, tana tambayar tarin Auta, tana cewa zafi ya yi yawa a Kano, wuta kuma sai a hankali.

Sha ɗaya da kwata yanzu. Sha biyun nan ita ce biyar ɗin asuba a can, lokacin ta tashi alwala. Zan jira.