Daga Kano zuwa Lakwaja cikin hayaƙin ƙunar daji

Mun bar tashar Unguwa Uku da sassafe a watan Janairu, hazo ya rufe gari har motoci na tafiya da fitila a kunne. Zuwa Zariya babu wani labari, ƙura ce kawai irin wadda iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Sai da muka wuce Kaduna, wajen Kateri, muka tarar da wuta.

Daji ne ke ci daf da kwalta. Wutar na lasar busasshiyar gamba tana ƙara fas-fas, shirwa sun cika sama suna wawurar farin da ke tserewa, baƙar toka na sauka a gilashin mota. Direba ya rage gudu, muka rufe tagogi, duk da haka sai da idanuna suka yi ja. A bakin wutar hayaƙin ruwan ƙasa ne mai duhu, amma wanda ya kwanta can kan duwatsu ya koɗe.

Dattijon da ke gefena ya toshe hanci da rawani ya ce, "Ɗana, kafin la'asar ai ya washe."

Na ce, "Baba, ku gafarce ni, ba ɓacewa yake yi ba. Rana ce ke sake dafa shi."

Kimiyyar sinadarai nake koyarwa, don haka na kasa yin shiru. Koɗewar nan, wani ɓangarenta sirkuwa ce da iska da ƙura, sauran kuwa aikin rana ne. Haskenta na fasa iskar ozon, wadda wani nau'in oksijin ce, ɓallin oksijin da ya fita ya haɗu da tururin ruwa, sai a samu wani sinadari mai suna haidiroksil. Da ƙyar yake kai daƙiƙa ɗaya, amma duk abin da ya taɓa daga mai da ƙaron da tsiro ya saki sai ya liƙa masa oksijin. Iskar da wuta ta fitar sai ta yi nauyi, ta daskare a jikin ɓurɓushin hayaƙin. Launin ruwan ƙasa kuma ya riƙa dishewa cikin sa'o'i zuwa yini guda, kamar atamfar da aka bari a igiyar shanya. Ɓurɓushin da ya sha rana ya fi jan ruwa, har yakan zama ƙwayar da ɗigon girgije ke taruwa a kanta.

Abin da ke damuna shi ne ƙanƙantarsa. Akasarinsa bai kai maikiron 2.5 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali kaurin gashin mutum ya kai wajen 70. Yana wuce hanci ya sauka can cikin huhu, kuma yaron da zai shaƙe shi a wani gari bai ma ga wutar ba. A farkon 2006 masu bincike daga Ingila sun riƙa tashi da jirgin awo daga Yamai, suka tarar da hayaƙin ƙunar daji daga kudu ya hau saman ƙurar hunturu, kilomitoci sama da ƙasa.

Dattijon ya jinjina kai ya ce, "Ikon Allah! Mu kuwa saboda gafiya da sabon toho muke cinna ta."

Daga Gwagwalada zuwa Abaji mun sake ratsa wasu wuraren da suka ƙone ƙurmus. Bayan magariba muka haye gadar Murtala a Jamata, maƙogwarona na ƙaiƙayi. A wannan lokacin haidiroksil ya ja baya, wani sinadarin na naitiret da hasken rana ke hana shi zama ya karɓi aikin dare, kuma shi yakan ƙara wa hayaƙin duhu ne.