Abin da Allon Kulawa Bai Nuna Mini Ba

Ina cikin shekarata ta biyu a aikin kula da kwamfutocin wata ƙungiya mai zaman kanta, wadda babban ofishinta ke Garwa a arewacin Kamaru, rassanta kuma ke Marwa da Gidar, aka haɗa dukkan na'urorinmu da Intune, manhajar kamfanin Microsoft da ke ba ma'aikaci ɗaya damar sarrafa kwamfutoci masu yawa daga kan kujerarsa. Kafin wannan lokaci, idan ana son sabunta Windows ko Office a reshen Marwa, sai in ɗauki filashi in shiga mota in yi tafiyar kimanin kilomita 200, sannan in bi tebur-tebur ina roƙon kowa ya ɗan ba ni wuri. Da na ga cewa yanzu zan iya tura sabuntawa ga kowa ba tare da na motsa ba, sai na ɗauka wahala ta ƙare. Ban lura ba a lokacin cewa wannan roƙon da nake yi a bakin kowane tebur shi ne yake sanar da ni halin da mai teburin ke ciki, kuma shi ne abu na farko da sabon tsarin ya raba ni da shi.

Tun shekarar 2003 kamfanin Microsoft ke fitar da facin tsaro, wato sabuntawar da ke toshe ɓarakar da aka gano a manhajojinsa, a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, kuma saboda bambancin lokaci tsakaninmu da yammacin Amurka, yakan iso mana ne wajen magariba. Manhajar sarrafawa tana ba mai kula da na'urori damar zaɓar kwanakin da za a jinkirta sabuntawar, da wa'adin da za a ba ma'aikaci ya sake kunna kwamfutarsa da kansa, wanda idan ya cika na'urar za ta kashe kanta ta sake tashi ko da ana tsakiyar aiki a kanta. Na sa jinkirin kwana 7 domin in ga ko wata matsala za ta ɓulla a wasu wurare, na ƙara wa'adin kwana 5, na kuma gamsu cewa na yi taka-tsantsan. Lissafin da ban yi ba shi ne wannan: Talata ta biyu tana faɗuwa ne tsakanin 8 da 14 ga wata, idan kuwa aka ƙara mata kwana 12, sai a sauka tsakanin 20 da 26, wato daidai makon da ake haɗa albashi a ofishinmu.

Abin ya faru ne a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, wuta kuma tana yawan ɗaukewa. Hajiyar da ke kula da albashi ta kwana biyu tana ture saƙon da ke fitowa a kusurwar allonta, domin a ganinta irin saƙonnin nan ne da ba sa ƙarewa. Ta tashi sallar azahar ta bar takardar Excel a buɗe, bayan ta shafe safiya tana shigar da kuɗin ƙarin lokaci na direbobi da masu gadi daga takardun hannu. Da ta dawo, sai ta tarar da allon yana ƙidaya kashi-kashi, yana gargaɗin kada a kashe na'urar. Bayan na'urar ta tashi, Excel ya dawo da wani ɓangare na aikin, amma Hajiya ba ta yarda da lambar da ba ta san inda ta tsaya ba, don haka ta koma layin farko ta soma bi ɗaya bayan ɗaya. Lokacin miƙa takarda ga banki ya wuce, ranar kuma Juma'a ce, albashi bai shiga ba sai mako na gaba.

Ba ta ɗaga mini murya ba. Ta kira ni ta ce, "Ɗana, ni ban hana ka aikinka ba, amma da ka tambaye ni da na gaya maka cewa wannan makon ba nawa ba ne, na mutanen da ke jiran haƙƙinsu ne." Da yamma ina fita, mai gadinmu, dattijo mai iyali, ya tambaye ni cikin ladabi ko gaskiya ne kwamfuta ce ta riƙe kuɗinsu. Na koma ofis na buɗe allon kulawa na Intune, inda nake ganin halin kowace kwamfuta, na ga sunan kwamfutar Hajiya da alamar kore a gabansa, an rubuta cewa sabuntawa ta yi nasara. Har yau wannan alamar ce nake tunawa idan wani ya nuna mini rahoto mai cike da kore. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, domin tambayar da aka gina ta ta amsa ita ce ko faci ya shiga. Tambayar ko aikin mutane ya tafi daidai kuwa, wannan tawa ce, kuma ban yi ta ba.

Matsalar layin intanet ta fi sauƙin ganewa. Reshen Marwa layi ɗaya gare shi, kuma idan kwamfutoci goma suka soma sauke ɗaruruwan megabait iri ɗaya da safe, babu mai iya aika rahoto ko shiga taron bidiyo. Windows tana da tsarin da ke sa kwamfutocin da ke ofis ɗaya su raba wa juna abin da ɗaya ta riga ta sauke, ana kuma iya taƙaita yawan layin da sabuntawa za ta ci a lokacin aiki. Na kunna waɗannan biyun, ƙorafin ya ragu ƙwarai.

Kuskure na biyu ya fi koya mini abu, domin na yi shi ne bayan na ɗauka na riga na koyi darasi. Muna son mayar da kowa kan sabon Office, sai na shirya kunshin da za a tura, na kuma bi shawarar da kowane littafin wannan sana'a ke bayarwa, wato a fara gwadawa a kan ƙaramin rukuni kafin a saki ga kowa. Rukunin gwajina shi ne ni da mataimakina da wani jami'i mai rubuta wa masu ba da tallafi rahoto, dukkanmu kuma da Turanci muke aiki. Mako guda babu wanda ya koka, sai na saki. Washegari wayata ba ta huta ba. Kunshin da na shirya Turanci kaɗai ke cikinsa, alhali mafi yawan ma'aikatanmu da Faransanci suka koyi kwamfuta, kamar yadda yake a makarantun arewacin ƙasar nan. Akawun da ya yi shekaru yana rubuta SOMME da RECHERCHEV, kalmomin lissafin Excel na Faransanci, ya wayi gari Excel bai san waɗannan kalmomi ba, sai SUM da VLOOKUP. Tsofaffin takardu suna buɗewa, lissafinsu yana tafiya, amma mutum ba ya iya ƙara sabon layi da hannunsa, kuma maɓallan da ya haddace wurarensu duk sun sauya suna. Wani magatakarda a Gidar ya ce mini, "Malam, kamar an shiga ɗakina da dare an sauya wa kowane kaya wuri." A wannan kunshin kuma na mayar da Office daga mai bit 32 zuwa mai bit 64, wato daga tsohon tsarin ginin manhajar zuwa sabo, sai wata tsohuwar takardar lissafin kayan sito, wadda wani ma'aikaci da ya daɗe da barin aiki ya gina da makro, wato umarnin da ake rubutawa a cikin Excel domin ya riƙa yin wasu ayyuka da kansa, ta ƙi aiki gaba ɗaya. Ban ma san da wanzuwarta ba sai ranar da ta tsaya.

A nan na gane cewa rukunin gwaji ba ya amfani idan an cika shi da mutanen da suka yi kama da mai gwajin. Wanda ya kamata ya fara karɓar sabuntawa shi ne mai takarda mafi tsufa, da mai aiki da wani harshe, da wanda ke reshe mafi raunin layi, da sharaɗin a sanar da shi tun da wuri, a kuma tsaya kusa da shi a ranar. Yanzu mai kula da sito yana cikin rukunin farko, da yardarsa, kuma sau biyu ya riga kowa gano abin da ni ba zan taɓa gani ba.

Bayan waɗannan abubuwa shugabanmu ya ce in kashe sabuntawar baki ɗaya, tunda kwamfutocin suna aiki lafiya kafin a taɓa su. Na fahimci fushinsa, amma ban yarda ba. A watan Mayu na 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe da dama, har ta tsayar da ayyuka a asibitocin Ingila, alhali facin da ke toshe ƙofar da ta bi ya fito tun watan Maris na wannan shekara. Ofishinmu kuwa yana riƙe da sunayen mutanen da muke taimaka wa da lambobin wayarsu, ba ni da ikon barin wannan amana a buɗe don gudun ɓacin rai. Sai dai ɗaya gefen ma gaskiya ne. Ranar 19 ga Yuli 2024, wata sabuntawa mai lahani daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna suka tsaya, kuma gyaran da aka fara bayarwa ya buƙaci mutum ya zauna gaban kowace na'ura ya goge fayil da hannu. Ba ma amfani da manhajar CrowdStrike, amma da na karanta labarin, hanyar Marwa a tsakiyar damina ce ta faɗo mini a rai, da yawan kwanakin da zan yi kafin in kai ga kwamfuta ta ƙarshe. Ikon da ke tura gyara ga kowa a lokaci ɗaya shi ne kuma ke tura ɓarna ga kowa a lokaci ɗaya, nisa kuwa yana dawowa da zarar na'ura ta kasa tashi.

Don haka muka yi sulhu a tsakiya. Na mayar da Office kan tashar da ke fitar da sabuntawa sau ɗaya a wata, a ranar Talata ta biyu, maimakon wadda ke iya kawo sauyi a kowane lokaci. Na gyara jinkiri da wa'adi yadda komai zai kammala kafin 20 ga wata. Na daina dogara da saƙon da ke fitowa a kusurwar allo, wanda ba a rubuta shi don mutanenmu ba. Kwana uku kafin wa'adi nakan aika saƙon murya a dandalinmu na WhatsApp da Hausa da Faransanci, mataimakina ya maimaita da Fulatanci, muna cewa "mizajur" na zuwa, kamar yadda kowa ke kiranta a nan, kowa ya adana aikinsa ya sake kunna na'urarsa kafin ya tashi.

Lokacin da ranar 14 ga Oktoba 2025 ta gabato, ranar da Microsoft ya tsayar don daina tallafa wa Windows 10 da Office 2016 da 2019, ban fara da buɗe allon kulawa ba. Na ɗauki kalandar bango na tafi ofishin Hajiya, na kira akawu da mai kula da sito, shugabannin rassa kuma suka shigo ta waya. Hajiya ta ja jan biro a kan makon albashi, akawu ya ja a kan kwanakin rufe lissafin wata uku, reshen Gidar ya nemi a tsallake ranar rabon kaya. Kwanakin da suka rage ba su da yawa, kuma a cikinsu muka sauya kwamfutocin rukuni-rukuni, ta Hajiya a ƙarshe, ina zaune a gefenta har ta buɗe takardar albashi ta duba jimillar da idonta.